Mutumin da Na Samo a Makwancin Barewa

Ku biyun da kuka yi wayo a Thamesmead kuna tuna mutumin da ya zauna a ƙaramin ɗakinmu na baya, wanda muka ce ku riƙa kiransa Kawu Habu. Aisha, ke kin taɓa gaya wa mijinki a gabana cewa ƙanen mahaifina ne. Usman kuwa har ya girma yana cewa aljani na kwaso a daji. Duk ba haka ba ne. Ba mu haɗa komai da shi ba sai addini da harshe, kuma mutum ne kamar kowa. Amma a daji na samo shi, wannan kam gaskiya ne, kuma tun da mahaifiyarku ta riga mu gidan gaskiya babu wanda ya rage ya ba ku labarin sai ni.

A lokacin ina aikin safiyo da council, wato ƙaramar hukumar yankinmu a London, muna zaune can sama a ɗaya daga cikin dogayen benayen sumuntin nan masu kallon tafki. Ba a daɗe da yin iskar nan ba, wadda ta kwantar da itatuwan kudancin Ingila kamar an bi gonar dawa da adda. Masu manyan filaye suka shiga neman 'yan safiyo, don shingayensu sun zube, iyakoki sun ɓace a ƙarƙashin kututtura. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani fili a Surrey, na riƙa zuwa ranakun Asabar. A can na san Derek, wani dattijon Bature mai kula da dajin, wanda cikin aikinsa har da rage barewa duk shekara don kada su cinye sabon dashe. Barewarsu ba irin tamu ba ce, amma girman kusan ɗaya. Namijin yana da gajerun ƙahoni masu rassa, kuma in ya tsorata haushi yake yi kamar kare. Derek ya ga ina yawan tsayawa ina duba sawu, ya tambaye ni dalili. Na gaya masa mahaifina maharbi ne a ƙasar Birnin Gwari, na bi shi daji tun ƙafata ba ta yi ƙwari ba. Daga nan muka saba.

Turawa ba sa harbi a duk lokacin da suka ga dama, kowace dabba da watanninta. Namijin wannan barewa sai an shiga Afrilu ake halatta shi. Muna cikin Maris, sanyi bai gama sakin ƙasa ba, Derek ya tare ni a bakin mota ya ce mini da Turanci:

"Akwai wani tsoho da ya daɗe yana zille mini. Zo mu nemo inda yake kwanciya. Ranar da aka buɗe, ni in harba, kai ka yanka irin na addininku, ka kai wa iyalinka."

Na yi murna ƙwarai. Rabona da naman daji tun ina gida, kuma wani abu da ya daɗe a kwance a jikina ya motsa.

Neman makwanci ba farauta ba ce, ba a ma ɗaukar bindiga. Ana shiga ne da hantsi, bayan dabbar ta tashi ta tafi kiwo, a bi ta inda iska ke bugun fuskar mutum don kada ta kai warinsa gaba. Muka shiga ba mai magana. Hazo ya sauko har gwiwa, itatuwa kwance a ko'ina, saiwoyinsu sun miƙe sama sun fi mutum tsawo, da ƙasa maƙale a jikinsu. Ƙarƙashin kowace saiwa rami ne baƙi. Ba tsuntsu, ba komai, sai ɗigar ruwa daga rassa. Muka fara samun ƙananan itatuwa da ya goge ƙahonsa a jikinsu, ɓawon ya saluɓe, farin itacen na sheƙi. Muka sami kashinsa, kamar na akuya, sabo. Sawun ya hau wani ɗan tudu mai sarƙaƙƙiyar ƙaya, irin wurin da tsohon namiji ke so: iska na zuwa masa ta baya ta kawo masa wari, gabansa kuma a buɗe yana ganin duk mai tahowa. Derek ya yi mini alama da hannu, shi zai zagaya ta ƙasa ya duba itacen da zai jingina kujerarsa ta harbi, ni in hau in tabbatar.

Na samu makwancin a gindin wata katuwar saiwa. Wannan dabba ba ta kwanciya a kan ganye, sai ta tone da ƙafa ta share wuri har ƙasa ta fito, sannan ta kwanta. Ga wurin nan a share, ga gashinsa ya zuba. Ban taka ba. Na tsugunna a gefe na kai bayan hannuna kusa da ƙasar kamar yadda mahaifina ke yi, na ji da sauran ɗumi. Ina ɗago kai sai na ga wani makwancin a jikin na farko, a share shi ma, amma dogo. Barewa naɗe ƙafa take yi ta kwanta, makwancinta bai wuce faifai babba ba. Wannan kuwa tsawon mutum ne. Gaba da shi kaɗan an jera fararen duwatsu, layi guda, da ɗan lanƙwasa a tsakiya kamar baka.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar daji a Arewa ya san wannan jeri. Haka matafiya da makiyaya ke zana masallaci a inda babu gini. Na ciro kamfas ɗin aikina na ɗora a kan lanƙwasar. Alƙibla ce cif, yadda muke fuskanta a masallacin Regent's Park. Sai na ji kamar ana kallon ƙeyata. Na waiwaya, ba kowa, sai ramin nan na ƙarƙashin saiwa da duhunsa. Can ƙasa cikin hazo barewar ta yi haushi sau ɗaya ta yi shiru.

Da na sauko Derek ya ce, "Yana nan?"

Na ce, "Yana nan. Kada ka hau, ka ƙara masa wari."

Ya yarda. Ya nuna mini itacen da ya zaɓa, daga kansa bakin bindiga zai kalli gindin saiwar nan kai tsaye, kuma da duku-duku zai harba, lokacin da ido ba ya rabe abu sosai. Ban gaya masa abin da na gani ba. Na san in na faɗa, dole ya gaya wa mai filin, mai filin ya kira 'yan sanda, su zo da karnuka. A shekarun nan baƙin mutum da aka samu a ɓoye a dajin wani ba ya fita da sauƙi.

A gida na kasa cin abinci. Mahaifiyarku ta zuba mini ido har na gaya mata. Ta ajiye cokali ta ce:

"Malam, ka tabbata mutum ne? Su ma fa suna salla."

Na ce, "Aljani ba ya buƙatar share ƙasa ya kwanta."

"To in mutum ne, me ya kai shi? Mai lafiya ba ya kwana da dabba. Don Allah ka bar wa Turawa dajinsu, mu da muke da yara ƙanana."

Washegari Lahadi na ce mata zan duba wani aiki. Ta san inda za ni. Ba ta hana ni ba, ta dai ƙunsa mini burodi da ƙwai da fulas na shayi, ta ce ko ma wane ne, yunwa yake ji.

Na koma ni kaɗai, na ɓuya a bayan wani kututture daga inda iska ba za ta tona ni ba, na jira. Dabarata ita ce, mai wannan masallaci zai zo masa da azahar. Sanyi ya shiga ƙashina. Rana ba ta fito ba balle in ga ta karkata, amma agogona na nuna lokaci ya yi sai ramin nan na ƙarƙashin saiwa ya motsa. Ashe jiya ma yana ciki, ina tsugunne dab da shi. Ya fito da rarrafe ya miƙe: dogo, ya rame har ba a cewa komai, gemu da suma sun cukurkuɗe, yana sanye da kwat a kan kwat, ya ɗaure ƙafafunsa da leda. Ya buga tafukansa a ƙasa ya yi taimama, ya tsaya a bayan duwatsun ya kabbara. Yana cikin raka'a ta biyu barewar ta fito daga cikin ƙaya. Tsoho ne kamar yadda Derek ya ce, fuskarsa ta yi furfura. Ya tako a hankali ya tsaya a bayan mutumin, kusa har numfashinsa na taɓa kwat ɗin, kamar mamu. Na ga abubuwa a daji tare da mahaifina, amma ban taɓa ganin irin wannan ba, kuma na rantse muku idona biyu.

Da ya sallame na yi gyaran murya na yi sallama. Barewar ta yi tsalle ɗaya ta ɓace. Shi kuwa ko razana bai yi ba. Ya amsa sallamar ya juyo, ya ce:

"Malam Sule. Jiya ka auna mini alƙibla. Ta yi daidai?"

Muryar na gane kafin fuskar. Habu ne, wani ɗalibi daga ƙasar Katsina da ya zo karatun digiri na uku. Muna haɗuwa da shi ranar Juma'a, bayan salla mu tsaya a bakin shagon littattafai mu taɓa hira. Mutum mai tsafta, mai ƙarancin magana. Na ji an ce karatun ya ƙi, sannan mahaifiyarsa ta rasu bai samu zuwa ba, takardunsa na zama ma sun ƙare. Da aka daina ganinsa sai kowa ya ce ya koma gida. A gida kuma, kamar yadda na ji daga baya, suna cewa yana London.

Na zuba masa shayi. Ya riƙe kofin da hannu biyu bai sha ba. Na tambaye shi yadda aka yi ya zo nan, ya ce tafiya ya yi ta yi da ƙafa har hayaniyar ta ƙare. Na tambayi abin da yake ci, ya nuna gefen da ƙauye yake, ya ce suna zubar da abinci da yawa. Sai na gaya masa gaskiya, cewa kwanan nan za a zo da bindiga, kuma nan wurin za a auna.

Ya dubi inda barewar ta ɓace ya ce, "Shi za a harba?"

Na ce, "Shi ake nufi. Amma cikin hazo, abu biyu kwance a wuri ɗaya, Malam Habu, harsashi ba ya tambaya."

Ya daɗe yana kallon makwancin. Ya ce, "Ba ya kwanciya sai na kwanta. Da sanyi ya tsananta, bayansa nake jingina."

Na yi ta lallashi har la'asar ta kusa. Abin da ya tayar da shi a ƙarshe ba tsoron mutuwa ba ne. Cewa na yi, in ya mutu a nan wa zai yi masa wanka, wa zai sallace shi? Ya miƙe bai ɗauki komai ba, don ba shi da komai. A mota ya zauna a baya ya rufe ido, warin ƙasa da na dabba ya cika motar, har muka iso Abbey Wood, dab da gida.

Mahaifiyarku ta buɗe ƙofa ta gan shi, ta ja da baya har ta bugi bango. Amma ta ce, "Sannu da zuwa, Malam," ta je ta tara masa ruwan zafi. Sai da ya shiga wanka ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Shayi na ce ka kai masa, ban ce ka kawo mini shi ba. Ba shi da takarda. In maƙwabta suka yi reporting ga hukuma, flat ɗin nan za mu rasa, aikinka ma haka. Kuma ka dubi idonsa, Malam? Ba ya ƙiftawa."

Na ce, "In mayar da shi?"

Ta juya ta ɗora tukunya.

Abin da kuka gani da idonku a makonnin nan ba mafarki kuka yi ba. Mun sa masa katifa, bai taɓa hawanta ba. Sai ya je lungun ɗakin ya sa hannu ya yi ta sharar kafet, ya share, ya share, sannan ya kwanta bayansa a bango, fuskarsa na kallon ƙofa. In lift ya tsaya a hawanmu, kafin a ji ƙararsa shi ya riga ya ɗago kai. Yakan tsaya a taga tun safe har azahar yana kallon tafki. Bai taɓa ɗaga wa ɗayanku murya ba, amma Usman ya daina bin corridor shi kaɗai, ya koma fitsarin kwance. Wata rana ke Aisha kika zo kika raɗa wa mahaifiyarku, "Mummy, he smells the air before I come in," wai yana sansanar iska tun kafin ki shigo. A ranar ta haɗa kayanku ta kai ku wurin yayarta a Plumstead. Wannan ita ce tafiyar da kuka ɗauka faɗa muka yi. Ba mu yi faɗa ba. Kullum sai ta hau bus ta kawo mana abinci, ta gyara gida, ta gaishe shi daga bakin ƙofa, ta koma wurinku. Abin da ta ce mini kawai shi ne, ta yarda in ceci ran mutum, amma ba da barcin 'ya'yanta ba. Na ga gaskiyarta, na kuma kasa korarsa. Haka muka zauna, gida biyu.

Derek ya yi mini waya ya faɗa mini ranar da zai fita, na ce masa ba zan samu zuwa ba. Ban gaya wa Habu ranar ba. Da safen muka yi asuba tare, muka zauna a kicin, gari ya fara haske, na soya ƙwai. Ya kai loma bakinsa ke nan sai ya tsaya cak, ya juya kansa gefe kamar mai sauraron kira daga nesa. Babu abin da ake ji sai motar kwasar shara a ƙasa. Ya mayar da lomar cikin faranti ya ce:

"Shi ke nan. Ya faɗi."

Na dubi agogon bango, ban san dalili ba. Da hantsi Derek ya kira. Ya ce ya samu, amma muryarsa ba ta mai murna ba ce. Ya ce tun da yake harbi bai taɓa ganin haka ba: iska ta juya ta kai wa dabbar warinsa, maimakon ta gudu sai ta miƙe ta tako wajensa, ta tsaya a fili tana kallonsa. Ya ce ya daɗe kafin ya iya taɓa kunamar bindigar. Na tambaye shi ƙarfe nawa. Ya faɗa. Daidai lokacin da na gani a agogon kicin ne. Ya ce akwai wasu duwatsu a jere a wurin, ko na lura da su? Na ce na gani. Daga ranar bai sake gayyatata ba, ni ma na bar aikin filin. Naman ban karɓa ba.

Daga wannan safiya Habu ya daina ci. Azumi ya kama, sai ya zama ba a gane ƙin cin nasa, amma ni da nake tare da shi na san ko buɗa baki da ruwa kawai yake yi. Kafin salla ya kasa tsayuwa. Abin da na yi ta gudu shi na yi da hannuna: na kira ambulan, na ba da sunansa na gaskiya. Aka kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali, hukuma ta san da shi, ni ma aka kira ni aka yi ta yi mini tambayoyi, a wurin aiki aka daina yi mini kallon da. Ku kuka dawo gida. Ya yi watanni a can, ya ɗan murmure, daga bisani hukuma ta sa shi a jirgi zuwa gida. Na je filin jirgin, ya wuce ni tsakanin ma'aikata biyu bai dube ni ba.

Sai bayan shekaru, da na je gida ta'aziyyar yayana, na nemi ƙauyensu a bayan Malumfashi. Na tafi da fargabar kabari za a nuna mini. Sai na same shi zaune a ƙofar gida yana gyaran rediyo, ya yi ƙiba kaɗan, ya yi aure, har da 'ya'ya. Mutanen garin sun ce lafiyarsa lau, sai dai ba ya cin nama kuma ba ya zuwa inda ake yanka, ko da layya. Ya gane ni nan take. Ya sa aka kawo fura, muka gaisa, ya tambayi mahaifiyarku da ku da sunayenku. Ban yi niyyar tayar da zancen ba, shi ya tayar.

"Malam Sule, da ka bar ni a can, da ni za a harba?"

Na ce, "Allah ne masani. Amma ina jin haka."

Ya gyaɗa kai. Na ce masa Baturen ya ce dabbar ba ta gudu ba, wajensa ma ta nufa, kuma har yau abin na damuna.

Ya ce, "Ai ba abin mamaki ba ne. Lokacin da na je wurin, ko inuwata ya gani sai ya yi haushi ya ɓace. Tsoho ne, ya san mutum. Ni na zauna na yi ta haƙuri da shi har ya manta. Ranar da ya ji warin mutum a wurin, ɗauka ya yi ni ne na dawo."

Na so in tambaye shi yadda aka yi ya sani a kicin ɗina, da nisan da ke tsakani, amma na ga bai kamata ba, kuma ban tabbata ina son jin amsar ba. Wata ƙaramar 'yarsa ta fito da gudu ta faɗa jikinsa, ya ɗaga ta ya ɗora a cinya yana share mata hanci da bakin rigarsa. Ya dube ta, ya dube ni.

Ya ce, "Ban taɓa yi maka godiya ba. Na yi ta ƙoƙari, abin ya ƙi fita. Amma ga ta nan, ka gan ta. Sha furarka, kada ta tsinke."

Na sha.